Kati ɗaya ya hana ni barci

Jiya da daddare na kunna Final Fantasy XIV da niyyar in bi abokan wasana farautar dodanni. Har suka gama suka yi min sai da safe ban motsa daga inda nake ba. Ina tsaye gaban wani ɗan tsoho na cikin wasan, muna buga Triple Triad, zagaye na talatin da ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, 'yar karta ce da aka cusa cikin babban wasan. Asalinta daga Final Fantasy VIII ne na 1999, aka kawo ta nan a 2015 lokacin da aka buɗe gidan wasanni na Gold Saucer. Allo ne mai gida tara. Kowa da kati biyar, kowane kati da lamba huɗu a gefunansa, daga 1 zuwa A, wato 10. Ka ajiye naka jikin na abokin karawa, in lambarka ta fi tasa a inda suka haɗu, katinsa ya juye ya koma launinka. Shi ke nan. Ɗan yayata na aji uku ya gane ta kafin shayinsa ya huce.

Dokokin da ake ƙarawa a kai su ne masifar. Akwai wadda ake kira Plus. A zagaye na ashirin da wani abu ina da kati bakwai a launina, tsohon yana da uku, gida ɗaya ya rage, har na fara miƙa. Sai ya ajiye wani katin banza mai 2 a sama da 3 a hagu. Biyun ta taɓa 8 ɗina, ukun ta taɓa 7 ɗina, goma nan, goma can. Duka biyun suka juye, ɗaya daga cikinsu ya kwashe maƙwabcinsa, na koma huɗu shi shida. Na daɗe ina kallon allon. Ita kuwa Chaos ba ta ma barinka ka zaɓi katin da za ka jefa, wasan ne ke zaɓa maka, kamar ka je kasuwa da kuɗinka a ce ga abin da za ka saya.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, don Plus lissafi ne, laifina ne da ban duba ba. Abin da ke ci min rai shi ne nasara ba ta ba ka katin. Ka cinye shi, a ba ka 'yan kuɗin Gold Saucer da ake kira MGP, katin da kake nema kuwa sai in sa'a ta ga dama. Sau goma sha tara na kayar da tsohon nan jiya. Wani katin da nake da shi tun bara ya faɗo min har sau uku, wanda nake so ko ƙyallinsa.  

Wajen ƙarfe ɗaya maiɗakina ta leƙo. "Baban Ummi, wai har yanzu tsohon nan ne?" Na ce saura ɗaya. Ta ce tun bayan isha'i take jin saura ɗayan nan, ta ja ƙofa.

Duk wahalar nan fa don wani abin hawa ce, ƙaton kati mai tashi sama da ake ba wanda ya tara kati 312 na farko. Ni ina da 148.

Ana tsakiyar zagaye na talatin da biyu aka ɗauke wuta, ina gaba da shida da huɗu. Na lalubo wayata a duhu, na lissafa lokacin da zan koma wa tsohon yau bayan na taso daga aiki, na saita ƙararrawa.