Farin hazon ya fita daga butar Goggo, amma tambulan ɗaya ya ƙi

'Yan uwa, alhamdulillahi, yau da asuba na ɗaga butar gilashin nan ga hasken fitila na hango har gindinta. Mako uku ke nan muna fafatawa da ita. Ita ce wadda na taɓa gaya muku Goggo ta zo da ita tsarabar aikin hajji tun ban san kaina ba, mai dogon wuya da 'yan ƙwayoyin iska a jikinta. Idan ka shafa gindin za ka ji cibiyar nan mai kaushi inda aka ɓalle sandar ƙarfe bayan an hura ta, kuma ba ta da layin haɗi irin na gilashin inji.

Matsalar ita ce farin da ya lulluɓe cikinta. Shekara da shekaru ana zuba mata ruwan rijiyarmu ta nan gefen Ringim, ruwan kuma mai zartsi ne, yana bushewa yana barin farar ƙasa. Sabulu bai yi komai ba. Na matse lemun tsami goma sha biyu na bar shi ya kwana, ya ɗan rage kawai. Inna ta ce in sa toka da yashi kamar yadda take saɓe tukunya, na ce ta yi haƙuri, yashi ya fi gilashi tauri, zane zai bari wanda ba ya gogewa. Kanwa ma na ƙi, domin ita ba ta narkar da farar ƙasa, abu mai tsami ake bukata.

Sai da na shiga Kano na sayo ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar, kwalba biyu. Da kuɗin mota da kuɗin kwalaben, abin ya taɓa ni sosai, har Yaya ya ce da sabon jug na roba na saya da na huta. Na cika butar har wuya, kwana uku, na juye. Kashi biyu cikin uku ya tafi, sai wani zobe a kafaɗarta inda hannu ba ya kaiwa. Nan na zuba ɗanyar shinkafa cikin tafin hannu ɗaya da sauran khal ɗin, na riƙa juyawa a hankali ina zaune a kan tabarma, don ko ta suɓuce ba za ta faɗi da nisa ba. Sau biyar na yi haka cikin kwana huɗu. Na ɗauraye da ruwan leda, na naɗe farin ƙyalle na zura ta wuya ya tsotse danshin, ban toshe bakin ba.

Ɓacin raina yana kan tambulan. Guda huɗu ne. Ɗaya ni na kashe shi da hannuna: da sanyin safiyar hunturu na zuba masa ruwan zafi, na ji ƙas, ya tsage daga baki zuwa gindi. Tsohon gilashin hura kaurinsa ba ɗaya ba ne, gefen da yake siriri yana saurin ɗaukar zafi ya bar mai kauri a baya. Na san haka, gaggawa ce ta ci ni, kuma wallahi ranar ban iya karyawa ba.

Biyu sun fita tas. Na huɗun kuwa kwana shida a khal, idan yana jiƙe sai ya yi garau, da ya bushe hazon ya dawo. Wannan ba datti ba ne, jikin gilashin ne ruwa ya cinye, ya tsotse gishirin da ke cikinsa ya bar fuskar da kaushi. Tsohon ciwo ne, shi ya addabi wani mai sana'ar gilashi, George Ravenscroft, a Ingila wajen 1675, har ya ƙara dalma a haɗinsa don maganinsa. Wanki ba ya warkar da shi, sai gogewar masu sana'a da garin goge gilashi, ni kuma ba zan taɓa shi da abin da ban iya ba.

Na jera butar da tambulan biyun a kabad, bayan tangaran ɗin Inna, nesa da taga. Mai hazon na ajiye shi daban inda danshin damina ba zai same shi ba. Wanda ya san mai irin wannan gogewar a Kano, don Allah ya yi mini kwatance.