Littafin injinan nan ya haɗa mu musu

Asabar. Jiya ban kwanta ba sai wajen ƙarfe 2 na dare saboda littafin nan na yaƙi, wanda wasu injina suka sauko daga sararin samaniya suna narkar da gadoji da motoci suna ƙera 'yan'uwansu da ƙarfen, su kuma sojoji na ta ja da baya gari bayan gari. Na gama shi, na tashi da ciwon kai, kuma wallahi har yanzu ban sani ba ko burge ni ya yi ko haushi ya ba ni.

Mu uku muka karanta kwafi ɗaya, ni da ƙanena mai karatun injiniya da Kawu, wanda tsohon soja ne. Ni ce ta ƙarshe, shi ya sa tun makon jiya suke jirana kamar masu bina bashi. Da yamma muka zauna, ban ma buɗe baki ba ƙanena ya ce, "Yaya, wannan fa rainin hankali ne." Wai tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, haske ma sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mana daga can, kuma kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, duk da yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya, sai ya haura shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazarar, to abin da ya iya ratso wannan uwar tafiya shi ne zai zo ya laɓe bayan katanga yana musayar wuta da wani kofur? Dutse ɗaya zai tunkuɗo daga sama, shi ke nan an tashi wasa. Abu ɗaya kawai ya yarda da shi, injin da ke haifar kansa, don tun shekarun 1940 masanin lissafi John von Neumann ya yi lissafin yadda hakan zai yiwu. Yaron nan in ya fara lissafi sai dai ka ba shi wuri.

Kawu ba ruwansa da taurari. Shi abin da ya ƙona masa rai, harsashi ba ya ƙarewa a littafin, mai ba ya yankewa, babu wanda takalminsa ya yage ko ƙafarsa ta yi kanta. Ya ce marubucin nan bai taɓa gadi ba ko na dare ɗaya. Amma akwai babin da rediyon rundunar ya mutu, suka kwana uku a ƙarƙashin gini ba su san ko akwai sauran mutane a waje ba, sajan yana ta ƙirƙiro masu aikin banza don kada su zauna su yi tunani. Wannan babin Kawu ya karanta sau biyu, har ya naɗe kusurwar shafin. Ya ce, "Wannan wani ne ya ba shi labari, ba ƙirƙira ba ce." Daga nan ya yi shiru, mu ma ba mu tambaye shi ba.

Ni ƙarshen ne matsalata. Shafi sama da 400 ana cin ƙaniyarmu, sai a shafuka 20 na ƙarshe wata yarinya ta ɗura wa uwar injinan ƙwayar cutar kwamfuta, duk suka zube. Haba! Ina son mu ci yaƙin, tun farko nake so, amma da muka ci sai na ji kamar an yi min wayo. Na ce masu H. G. Wells ya fi gaskiya a littafinsa na 1898, The War of the Worlds, labarin maharan da suka zo daga duniyar Mars da injinan yaƙi, don a can sojojin Ingila ba su iya cin galaba ba, ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan, kuma tun a babin farko ya tuna wa masu karatu abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya kafin su yi saurin tsine wa baƙin. Ƙanena ya ce ai a can halittu ne a cikin injin, ba injin zalla ba. Gaskiyarsa, kuma nan ne ma abin ya fi tsaya min. Wanda ya ƙi ka za ka iya roƙonsa, ko ka tsorata shi, ko ku yi sulhu. Injinan littafinmu kuwa ba su ƙi kowa ba, aiki aka sa su, wataƙila wanda ya sa su ma ya mutu tuntuni babu mai cewa su tsaya.

Kawu ya ce, "Ke dai kin cika tsoro, 'yar nan." Amma da zai tafi ya saka littafin a aljihun rigarsa, wai zai sake duba wani wuri. Ƙanena mai cewa rainin hankali ne kuwa, yanzun nan ya leƙo ɗakina yana tambaya ko na san yaushe kashi na biyu zai fito.