Cora Hind, 'yar jaridar da take murza alkama a tafin hannu

Duk lokacin da na ji ana gardama a kan yadda damina za ta kaya, sai in tuna da kakata, wadda ba ta yarda da maganar kowa sai ta karya zangarniyar gero ta murza a tafin hannunta, ta hure ƙaiƙayin, ta dubi ƙwayar. Wannan ɗabi'a ce ta sa labarin Ella Cora Hind ya kama mini zuciya, domin da irin wannan murza ta zama matar da 'yan kasuwar hatsi na duniya suke jiran kalamanta.

An haife ta a Toronto ta ƙasar Kanada a 1861, ta tashi marainiya a hannun goggonta Alice, kuma a gonar kakanta ta fara sanin ƙasa da dabbobi. A 1882 suka koma Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a yammacin Kanada, inda ta nemi aiki a jaridar Manitoba Free Press, editan ya sallame ta saboda a ganinsa ɗakin labarai ba wurin mace ba ne. Ba ta zauna tana kukan rashi ba. Ta yi hayar tafireta ta koya wa kanta bugu, ta yi aiki a ofishin lauyoyi, sannan a 1893 ta buɗe ofishinta na buga takardu. Manoma da makiyaya da dillalan hatsi su ne masu kawo mata aiki, ita kuwa tana bugawa tana tambaya, har ta san harkar ciki da bai. Sai a 1901, bayan kusan shekara ashirin, sabon edita John Dafoe ya ɗauke ta a jaridar da ta taɓa rufe mata ƙofa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shekarar 1904. Cutar tsatsa ta faɗa wa alkamar yammacin Kanada, masana daga Chicago suka ce abin da za a girbe ba zai wuce bushel miliyan 35 ba, kuma bushel ɗaya na alkama ya kai kimanin kilo 27. Cora ta shiga jirgin ƙasa, ta hau keken doki, tana tsayawa a gona bayan gona, tana tsallake shinge, tana cire kan alkama ta murza ta ƙirga ƙwayoyin. Da ta dawo sai ta ce za a samu wajen miliyan 55. Da aka gama girbi aka auna, an samu kimanin miliyan 54. Gani ya kori ji. Daga nan kiyasinta na kowace shekara ya zama abin da yake motsa farashi, shi ya sa ake ɓoye alƙalumanta har sai jarida ta fito, kada wani ya riga saura ya ci ƙazamar riba.

Wanda bai san kasuwar hatsi ba zai ɗauka wannan wasan lissafi ne kawai. Amma jita-jitar ƙarancin amfani ko yawansa tana iya sa manomi ya sayar da guminsa a araha, ko magidanci ya sayi abinci da tsada, don haka kiyasi na gaskiya kariya ce ga talaka.

Ta kuma tsaya tare da marubuciya 'yar fafutuka Nellie McClung wajen neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, wanda Manitoba ta amince da shi a 1916. A 1932, tana da shekara sama da saba'in, ta bi jirgin ruwa mai ɗauke da alkama daga tashar Churchill da ke arewacin Manitoba zuwa Ingila don ta ga hanyar da idonta, kuma a 1935 Jami'ar Manitoba ta ba ta digirin girmamawa. Da ta rasu a watan Oktoba na 1942, kasuwar hatsi ta Winnipeg, wadda ba a san ta da shiru ba, ta dakatar da ciniki na minti biyu.