Saita Birkin Tudu a Tsohuwar Subaru Mai Giyar Hannu

Kamfanin mota na Studebaker ne ya fara sa birkin tudu, na'urar da ke hana mota zamewa baya wajen tashi a kan tudu, a 1936, amma a Subaru ta shekarun 1980 aka fi saninta. Bawul ne a layin man birki, da 'yar ƙwallo a ciki. Idan mota ta fuskanci hawa kuma ka danne kulochi, ƙwallon na gangarawa baya ta toshe hanyar mai, birkin da ka taka ya ci gaba da riƙewa ko ka ɗaga ƙafa daga kansa.

Waya ce ke haɗa bawul ɗin da hannun kulochi. Fara gyara wasan fedar kulochi tukuna. Wanda ya tsallake wannan, aikin banza zai yi.

Sai ka nemi tudu mai karkatar digiri 3 ko fiye. In mota na neman mutuwa wajen tashi, birki na jinkirin saki ne: kwance notin kulle da ke bakin wayar, sassauta notin saiti kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. In tana zamewa baya, ɗaure shi har jinkirin ya bayyana, sannan ka sassauta.

Kada ka matse fiye da kima, birki zai riƙa ja, taya ta yi zafi. Duba sifirin ɗin da ke mayar da hannun bawul, tsatsa kan cinye shi.