An amince min da katin bashi

Alhamdulillah jama'a, yau banki sun amince min da katin bashi, ni da ban taɓa cin bashin ko sisi a wajensu ba. Da farko ma'aikaciyar cewa tayi "Malam ai sunanka ma babu a CRC", wato masu ajiye tarihin masu cin bashi, to da me za su auna ka? Albashina da ke shiga akawun duk wata shi ya tsaya min, sai BVN da NIN. Iyakar da suka sa min kaɗan ce kuma wlh hakan yafi min, don kuɗin ruwa nake tsoro sosai. Cefane kawai zan riƙa yi da shi a kasuwar Wunti ta Bauchi, albashi na shigowa in biya duka kafin wa'adi ya cika.