Laraba: abin da ke bayan ƙafar keke

Da na idar da sallar asuba na leƙa kwamfuta, sai na tarar aikin matse hoto don rage nauyinsa da na bar mata cikin dare ya kammala. Daɗi ya kama ni, shayi ma a tsaye na sha.

Hoton wasu kekuna ne daga tarin hotunan jami'ar EPFL ta Suwizalan, wanda aka ɗauka da Lytro Illum, kyamarar da ke ɗaukar abu ta kusurwoyi da yawa a lokaci guda. Na warware shi zuwa mahangai 225, wato hotunan abu ɗaya daga kusurwoyi daban-daban, sha biyar a tsaye sha biyar a kwance, kowace ɗigo 625 a faɗi, 434 a tsayi. Na cire na bakin gefe saboda duhunsu, saura 169. Sai na jera su kamar naɗin gammo, daga tsakiya zuwa waje, na miƙa wa HEVC, tsarin matse bidiyo, tamkar bidiyo ne. Tun da kowace mahanga kamar an tsaga kara take da maƙwabciyarta, sai ɗan gocewa ƙanƙani, matsewar ta yi kyau matuƙa.

Ƙarfe sha ɗaya na shiga wajen Malam.

Ya duba jadawalin, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Amma me ya sa har yanzu kake dakon duka 169? Ajiye biyar, ta tsakiya da huɗu a kewaye, ka haɗa da taswirar zurfi mai nuna nisan kowane abu daga kyamara, sauran a ƙera su daga waɗannan. Ɗaya ke nan cikin hanyoyin da JPEG Pleno, ƙa'idar matse irin waɗannan hotuna, ya amince da su."

Na ce, "Malam, ai na gwada a makon jiya. Lambar inganci ta yi kyau, amma ina so ka ga wani abu."

Na buɗe mahangar can hagu, na ƙara girman ƙafar keken gaba. A hoton asali, bayan kowace siririyar waya akwai ɗan zirin abin da ke can baya, wanda mahangar tsakiya ba ta gani sam, domin wayar ta tare shi. A wanda aka ƙera kuwa, wurin ya dame kamar an goga ɗanyen fenti da yatsa. Na'urar ba ta taɓa ganin wurin ba, sai ta cike shi da kintace.

Malam ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Na gani. To amma ɗigo nawa ne wannan a cikin dukan hoton? Idan an tara an raba, lambar inganci ko motsi ba za ta yi ba. Kuma akwai ragowar kuskure da ake aikawa don gyara irin wannan."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta tsaya mini a rai. Idan an matse sosai, ragowar nan ce ke fara shan wuƙa. Ni kuwa a ganina ɗan zirin nan shi ne dalilin ɗaukar irin wannan hoto tun farko. Ɗaga yatsa a gaban fuskarka, rufe ido ɗaya, sannan ka sauya: abin da ya ɓuya ya bayyana. Don wannan leƙen aka jera dubban ƙananan gilasai a gaban idon kyamarar. Don shi masu bincike Levoy da Hanrahan suka yi aikinsu na 1996 kan irin wannan hoto. Idan ma'auninmu bai san an yi asararsa ba, to me muke aunawa?

Ban iya faɗa masa haka ba. Na ce "To, Malam," na fito.

Abincin rana bai shiga ba sosai. Umma ta kira, batun ɗinkin biki. Yaya bai dawo da cajar ba.

Da la'asar na yi ta tuna cewa kamfanin Lytro ɗin ma ya rufe tun 2018, mu kuma muna nan muna ta faman rage nauyin hotunansa. Jikina ya yi sanyi na ɗan lokaci.

Bayan isha na koma kan kwamfuta. Na fara zana abin da zai ware wuraren da suka ɓuya wa mahangar tsakiya, don in auna kuskurensu su kaɗai, ba a cakuɗe da sauran hoton ba. Na saka ta gudu a kan kekunan da kuma hoton ginshiƙan dutse. Ranar Litinin zan kai wa Malam jadawali biyu.