Talata, Unguwar Rogo

Sanyin Jos yau ba sauƙi. Bayan asuba na haɗa wa Baffa shayi, rabin kofin a gaban rigarsa ya ƙare. Hannun ne ke fizgewa da kansa, kafaɗa ta ɗaga, wuya ya karkace. Ya ce, "'Yar nan, ba da gangan ba ne." Na ce, "Na sani, Baffa," na ɗauko tsumma.

Da hantsi muka tari keke zuwa asibiti. Sakamakon gwajin jinin ya dawo: cutar Huntington. Gado ce. Haka kakanmu ya yi kafin ya rasu, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu har Allah ya karɓi abinsa.

Likitar ta juya bayan takarda tana zana mini. Matsalar tana cikin wata ƙwayar gado da aka gano a 1993, a kuromosom na 4, wato ɗaya daga cikin ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinmu. Wani ɗan yanki nata ne ke maimaita kansa, idan ya kai sau 40 cutar za ta fito, galibi tsakanin shekara 30 da 50. Furotin ɗin da take haifarwa gurɓatacce ne, shi ke kashe ƙwayoyin jijiya a sashen ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zancen maikurogiliya, sojojin garkuwa na cikin ƙwaƙwalwa. Aikinsu shara da gadi: su kwashe matattun ƙwayoyi, su datse mahaɗar jijiyoyin da ba a buƙata. To su ma furotin ɗin nan yana cikinsu, sai su harzuƙa, su yi ta zuba sinadaran kumburi, su cinye mahaɗan da ke da sauran amfani. Ba su suka kunna wutar ba, amma suna ƙara mata itace. Hoton ƙwaƙwalwa ma yakan nuna sun tashi tun kafin a ga alamar komai a jikin mutum. Na ce, "Ashe da ɗan gari akan ci gari." Ta yi murmushi kawai.

Babu maganin warkewa tukuna, sai na rage fizgar. Kowane ɗan mai cutar kuma, rabi da rabi ne: ko ya gaje ta ko ya tsira.

Abba da Baffa uba ɗaya suke. Bayan magariba ina zaune daga bakin ƙofa, Abba yana jan carbi a kan darduma, ni kuwa yatsunsa nake kallo. Ya ɗago ya ce, "Lafiya?" Na ce tuwo ne ya sauka.